Ƙullutu a jikin kare da abin da yake gaya wa likitocin mutane

Ni likitan dabbobi ne. A Zariya na yi karatu da niyyar shanu da tumaki, amma neman abinci ya kawo ni Legas, inda mafi yawan abin da ake kawo mini karnuka ne. Tun farkon zuwana na gane cewa mai kare ba shi ke fara ganin ciwon karensa ba. Oga ya fita tun asuba don gudun gosulo, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Mai wanke karen, mai cire masa kaska, mai zuba masa abinci, maigadi ne, kuma a Ikeja da Ikoyi da Lekki sau da yawa maigadin nan namu ne, daga Arewa ko daga Nijar. Hannunsa ke fara cin karo da ƙullutu.

Wani dattijo da iyalinsa ke Agege ya kawo mini karyar gidan da yake gadi, irin boksa, mai faɗin ƙirji da murtuken baki.

"Likita, abin nan na gefen cinyarta ya ɗaure mini kai. Yau ka gan shi ya kumbura ya yi ja, jibi ya sace. Oga ya ce cizon ƙwaro ne."

Na ce, "Baba, in kun taɓa shi yakan ƙara tashi?"

"Ƙwarai kuwa. In na goga soso a wurin, kafin ta bushe ya ninka."

Wannan amsa ta ba ni rabin abin da nake nema. Akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, masu ɗauke da sinadarin histamin, wanda shi ke sa fata ta yi ja ta yi ƙaiƙayi in ƙwaro ya ciji mutum. Idan waɗannan ƙwayoyi suka zama ciwon daji, murza su kaɗai ya isa su zubo da histamin, wurin ya kumbura, bayan ɗan lokaci ya lafa. Lafawar ce ke yaudarar mutane, su ce ai abin da ke zuwa ya tafi ba zai zama sankara ba. Alhali kimanin ɗaya cikin biyar na ƙarin fata a karnuka wannan ne, kuma boksa na cikin waɗanda ya fi kamawa.

Na soka siririyar allura a ƙullutun, na fesa abin da ya fito a kan gilashi, na rina shi, na sa a madubin likita. Ga su nan: ƙwayoyi zagayayyu, cike maƙil da ɗigo-ɗigo masu launin shunayya, wasu sun fashe sun watsu a fili. Na kira Baba ya leƙa. Ya daɗe ido ɗaya a rufe, sannan ya ɗago ya ce, "Ikon Allah. Duk wannan a bakin allura?"

Tiyatar ce ta jawo magana. Ƙullutun bai fi santimita 2 ba, amma irin wannan ciwo yana miƙa jijiyoyi zuwa fatar da ido ke gani lafiya lau, don haka ana yankowa da tazarar santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe, a haɗa da shimfiɗar da ke ƙarƙashi. Da Madam ta ga tsawon ɗinkin sai ta ce an yi wa karyarta fiɗa. Na bar ta ta huce, sannan na nuna mata cewa yankan tsimi shi ke sa a dawo bayan 'yan watanni da ciwon da ya fi na farko. Ta yarda aka aika naman ɗakin gwaji, sakamako ya nuna mai sauƙi ne kuma an cire shi duka.

To ina ruwan likitan mutane da wannan? Wani kaso na irin wannan ciwo a karnuka yana tasowa ne daga lalacewar wata ƙwayar gado mai suna KIT. Aikinta kamar makunnin wuta ne: a kunna, ƙwaya ta hayayyafa, a kashe, ta tsaya. In ta lalace sai makunnin ya maƙale a kunne. Ita wannan KIT ɗin ce ke haddasa wani ciwon daji na ciki da hanji a jikin ɗan Adam. A Amurka an gwada wani magani mai toshe ta a kan karnukan gida masu ciwon gaske, aka wallafa sakamakon a 2003, aka ga ƙari yana motsewa. Ɗan uwan maganin, Sutent, ya samu izinin amfani ga mutane a 2006, shi kuwa na karnukan, Palladia, ya samu nasa a 2009, ya zama maganin ciwon daji na farko da hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi musamman don kare.

Za a ce ai akwai ɓeraye a ɗakin bincike. Akwai, amma ɓera dasa masa ciwon ake yi, sau da yawa bayan an raunana garkuwar jikinsa, yana cikin keji mai tsabta. Kare kuwa ciwon da kansa yake fito masa. Hayaƙin janareton da muke shaƙa shi yake shaƙa, ruwan da muke sha shi yake sha, kuma da yake rayuwarsa gajera ce, abin da za a jira shekaru a gani a mutum ana ganinsa a kare cikin watanni. Shi ya sa cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka ta buɗe sashe na musamman kan wannan a 2003, kuma karyar da aka karanta kundin gadonta gaba ɗaya, wato jerin dukkan ƙwayoyin gadon jikinta, aka wallafa a 2005, ita ma boksa ce.

Karnukan unguwa masu yawo kuwa nasu daban ne. Akwai wani ƙari mai jini da ke fito musu a al'aura, wani lokaci a hanci ko fata, wanda ƙwayoyin ciwon kansu ke tsallakawa daga kare zuwa kare wajen barbara. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya nuna ana iya dasa shi tun 1876, kuma binciken jami'ar Kambirij ya nuna asalinsa kare ɗaya ne da ya mutu shekaru dubbai da suka wuce. Ba ya kama mutum. Allurar binkiristin mako-mako kan narkar da shi, maganin da ake ba yara masu ciwon dajin jini.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne melanoma, baƙin ciwon da ke fitowa a dasashin kare ko a gindin farcensa. Melanomar Turawa yawanci rana ke kawo ta. Ta kare ba ruwanta da rana, kuma a nan ta yi kama da tamu, don baƙar fata ta fi samun wannan ciwo a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Irinsa ne ya fara a yatsan ƙafar Bob Marley, ya yi ajalinsa a 1981. Tun da na fara ganin abin a bakin karnuka nake kallon ƙafafun 'yan dako a kasuwar Mile 12 da wani ido. Baƙin tabo a tafin ƙafa mai faɗaɗa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, mu kan ce an taka sammu, a yi ta turare da shafe-shafe har ya kai matsematsi. Wurinsa asibiti ne, kuma ga asibitin koyarwa nan a Idi-Araba, a tsakiyar mutanenmu. Haka zabiya: ciwon da rana ke sa wa farin kare a fatar ciki da hanci, shi take sa musu a fuska da wuya da kunne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin masu karnuka suna biyan kuɗin tiyata amma su ƙi na gwaji, sai naman ya tafi shara ba a san ko mene ne ba. Yanzu nakan roƙi izini in ajiye yanki a kwalbar fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, in rubuta irin karen, shekarunsa, unguwarsu da inda ƙarin ya fito, ko wani ɗalibin jami'a zai buƙata. Masu gadi kuma na ce musu duk wanda ya ji ƙullutu kada ya matsa, kada ya shafa komai. Ya ɗora murfin kwalba kusa da shi, ya ɗauki hoto ya turo mini ta WhatsApp, ya sake ɗauka bayan mako biyu. In ya ƙaru, ko ya fashe, ko ya wuce wata guda bai ɓace ba, ni zan kira Oga da kaina.