Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Na Taɓa Kwamfuta

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya kai ni sakandare a Tudun Wada. To, a can na fara ganin kwamfuta ido da ido, a 1998, ina aji biyu.

Tun 1988 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, amma sai da aka shekara goma kafin guda ɗaya tak ta iso gare mu, ita ma wani tsohon ɗalibi ne ya kawo. Kafin nan a allo muke karatunta. Malam ya zana akwati da alli, ya ce ga kwamfuta. Mun haddace cewa a 1981 kamfanin IBM ya fitar da tasa, mun ci jarrabawa, alhali ko harafi ɗaya ba mu taɓa dannawa ba. Har yau abin yana min ciwo.

Ni kwalin sukari na samu, na zana haruffan madannan kwamfuta a kai yadda Malam ya jera su, ina ta bugawa a tsakar gida bayan isha'i. Inna ta leƙo ta ce, "Kai kuwa wane irin karatu ne wannan na dukan kwali?"

Da kwamfutar ta iso, ɗaki guda aka ware mata, aka lulluɓe ta da farin ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Sai ka cire takalmi a bakin ƙofa. Manhajar Windows 95 ce a cikinta, ga ramin saka fulofi, wato faifan ajiye bayanai, wanda 1.44 MB kawai yake ɗauka. Yau hoto ɗaya a wayarka ya fi ƙarfinsa.

Mu sittin da wani abu, kowa minti biyar. Sau biyu layi yana zuwa kaina ana ɗauke wuta. A karo na uku na zauna hannuna yana rawa. Malam ya dafa kafaɗata ya ce, "Rubuta sunanka, ba ta cizo."

Ban duba ƙasa ba. Yatsuna sun riga sun san hanya tun daga kwalin nan. Malam ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce in same shi bayan an tashi.

Abin da ya faɗa min, da yadda mabuɗin ɗakin ya dawo aljihuna, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.