Yadda Na Shiga Tsakanin 'Ya'yan Baffana a Kan Gonar Fadama

A daminar 2010, lokacin da Gulbin Rima ya yi ambaliya har ya karya gadar da ke kai mutane mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ruwan ya kuma tafi da layin jemar da Baffana ya dasa da hannunsa domin raba gonarsa ta fadama, can wajen Kwalkwalawa, tsakanin 'ya'yansa maza biyu. Baffa ya rasu shekara guda kafin nan, ba a kuma zauna an raba gado ba, kowa dai ya ci gaba da noman inda uban ya nuna masa. Da ruwa ya janye sai ƙasar ta koma shimfiɗa ɗaya ta laka da yashi, kowannensu ya rantse cewa iyakar tana can gaba, cikin wajen ɗan'uwansa. Abin da suke jayayya a kai bai wuce taki ashirin a faɗi ba, amma ya kai su kusan shekara biyu ba sa ga-maciji, har ƙaramin ya fasa katangar gidan gado ya buɗe wa sashensa ƙofa don kada su haɗu a zaure.

Ni aka kira, saboda ni ne babba a cikin jikokin gidan, kuma tsohon malamin makaranta ne, mutane suna ɗauka wanda ya saba raba faɗan yara zai iya na manya. Na tara dangi a zaure bayan sallar Juma'a, na ce a kai igiya a raba wurin biyu, kowa ya ɗauki taki goma, magana ta mutu. Ina ganin na zo da adalci tsantsa. Sai babban ya dube ni ya ce, "Yaya, ashe kai ma ka yarda ƙarya nike yi?" Ya kaɗe rigarsa ya fita. A daren nan na gane cewa raba biyu, a gaban jama'a, daidai yake da shaida wa kowannensu cewa rabin maganarsa ƙarya ce, kuma babu magidancin da zai karɓi wannan alhali 'ya'yansa suna leƙe ta bakin ƙofa.

Daga nan na daina tara mutane, na riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin na same shi da sassafe yana ban-ruwan albasa, ƙafafunsa cikin taɓo, injin yana ta ƙara har sai da ya kashe shi muka ji juna. Ya nuna mini rijiyar burtsatse a tsakiyar wurin da ake rigima, ya ce da bashi ya haƙa ta, bai ma gama biya ba, idan ta faɗa wajen wansa to noman raninsa ya ƙare. Babban kuwa sai da na je masa sau uku kafin ya buɗe ciki. Ƙasar ba ta dame shi ba, yana da wata gonar a kan tudu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ƙanensa ya kira shi azzalumi a tsakar gida, matansu suna ji. Ashe ɗaya ruwa yake karewa, ɗaya kuma mutuncinsa, ni kuwa ina ta auna ƙasa.

Saura wanda zai fara sauke kai, kuma a nan ne tarihin garinmu ya yi mini rana. Bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, ƙanensa Malam Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, sai ya koma Gwandu da ɓacin rai. Da rikicin Kalambaina ya tsananta a kansa, Bello ya kai masa ɗauki, kuma kamar yadda malamai suke ba da labarin haɗuwarsu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Na ce da su kowanne a cikin mutanen nan biyu ya ba da abin da ɗayan yake bukata, babu kuma wanda ya ƙasƙanta. Babban ya yi dariya ya ce shi ba Abdullahin Gwandu ba ne, amma bai ce a'a ba. Bayan kwana biyu ƙaramin ya shiga wurinsa da goro bayan isha'i, ya durƙusa ya ce, "Yaya, baki ya yi kuskure, ka yafe mini." Babban ya bar masa wajen rijiyar, a kan shi babban zai riƙa jan ruwa kwana biyu a mako.

Na dawo gida ina jin kaina, na ɗauko takarda zan rubuta yarjejeniya, sai maiɗakina ta tambaye ni, "Malam, ina rabon ƙanwarsu?" Na yi shiru. Baffa ya bar 'ya mace da ke aure a Mabera, wadda akan aika wa ɗan abin da ya samu idan an yi girbi, kuma mu maza uku mun shirya kanmu a kan haƙƙinta ba tare da ko ɗayanmu ya ambaci sunanta ba. Na san hadisin da ya ce sulhu halal ne tsakanin Musulmi sai dai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal, na sha karantar da shi, amma ɗokin in ga an shirya ya rufe mini ido. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji 'yan siyasa sun fito daga ɗaki suna cewa an yi maslaha an tsayar da ɗan takara, abin da nake fara tambaya shi ne wane ne ba a kira cikin ɗakin ba.

Da na tayar da maganar, a karon farko cikin shekara biyu bakinsu ya zo ɗaya, duka suka juyo kaina, wai ina neman tone abin da aka binne. Na nace muka je wurin malamin da ya san rabon gado, ya ce tun da mahaifiyarsu da iyayen Baffa sun riga shi rasuwa, kashi ɗaya cikin biyar na gonar nata ne. Sun so in je in roƙe ta ta yafe, na ce ba zan nemi yafiyar abin da mai shi ba ta san yawansa ba. Aka kai ta gonar aka nuna mata iyakar kasonta. Ta yafe amfanin shekarun baya, ta ce kada a yanka gonar, su ci gaba da nomawa suna ba ta rabonta duk kaka, amma ta ƙi tashi sai da aka sa sunanta a takarda a gaban mai unguwa da shaidu.

Babban ya ɗauki lokaci yana gaishe ni sama-sama, na kuma haƙura da hakan. A wurin jema yanzu turakun siminti aka kafa. Ƙofar da ƙaramin ya fasa ba a toshe ta ba har yau, ta nan ake shigar da buhunan albasar su duka biyun, saboda ta fi kusa da titi.