Zazzaɓin da ke zuwa da la'asar

Matar ba ta wuce shekara talatin da biyar ba. Kafin ta iso wurinmu an yi mata maganin maleriya sau uku, na taifod sau biyu. "Likita, ni dai da la'asar ta yi sai jikina ya ɗau wuta," in ji ta. Zafin jikinta yakan haura 39, da asuba ya sauka kamar ba a yi ba. Ga ciwon maƙogwaro, ga wuyan hannu a kumbure.

Ni ma ƙwayar cuta na yi ta nema, har babban likitanmu ya ce in dawo da magariba da tocila in duba cinyarta. Ƙuraje ne shafe-shafe, masu zuwa da zazzaɓin su tafi da shi. Littattafai sun ce kalar ruwan hoda gare su, amma a baƙar fata sai ka kafa ido sosai. Da aka auna feritin, furotin mai adana sinadarin ƙarfe, a jininta, ya ninka na mai lafiya nesa ba kusa ba. Cutar Still ta manya ce, ciwon kumburi da garkuwar jiki ke tayarwa, wadda Eric Bywaters ya bayyana a 1971 a jikin mata 14 a Ingila.

A aji na ɗauka ƙwayar halitta shiru take mutuwa, ta naɗe kanta, a share wurin. Ashe akwai wata mutuwar mai ƙara, fairoptosis, sunan da aka ɗauko daga kalmar wuta a Girkanci. Sinadarin kaspes-1 yakan yanka wani furotin, gasdamin D, gutsuren ya huda fatar ƙwayar garkuwar jiki, ta kumbura ta fashe, IL-1 da IL-18, sinadaran da ke rura zazzaɓi da kumburi irin na cutar Still, su watsu. Su kuma su tayar da wasu ƙwayoyin, abin ya yi ta ruruwa. Sai a 2015 aka gano aikin gasdamin D ɗin. Idan wutar ta ƙi lafawa, ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofej kan fara cinye ƙwayoyin jini, kuma wannan na kisa.

Akwai allurar anakinra da ke toshe IL-1 kai tsaye, amma ba mu da ita, mijinta ma ba zai iya sayenta ba. Firednisolon, maganin rage kumburi, muka ba ta. A kwana na uku la'asar ta yi, na same ta zaune tana shan kunu.