Rubuta bayanan 'yan gudun hijira a Sinnar

Bayan rikicin ƙabilanci na Damazin da Rusairis, a jihar Blue Nile ta Sudan, a watan Yulin 2022, 'yan uwanmu Hausawa da suka tsero sun cika makarantu, har da wadda nake koyarwa a Sinnar. Wani lauya ɗan unguwarmu ya roƙe ni in riƙa rubuta abin da ya same su, tunda dattawa sun fi sakin jiki da Hausa a kan Larabci.

Aikin yana da ƙa'ida. Sunan ƙauye, rana, kafin azahar ne ko bayan la'asar. Abin da mutum ya gani da idonsa a shafi guda, abin da aka ba shi labari a wani. Rarrabe waɗannan biyun ya fi komai wuya, don wanda aka ƙona wa gida duk a haɗe yake zubo su, kuma ba ka da fuskar katse shi. Sunaye kuwa littafinsu daban.

Wani dattijo ya ce mini, "Malam, wannan takardar taka wa za ta kama?"

Na ce, "Baba, bari lauya ya zo."

Amsar lauyan ba ta yi wa kowa daɗi ba. Sudan ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa a 1986, amma ba ta karɓi ƙarin da ke bai wa mutum damar kai ƙorafinsa ga kwamitin haƙƙin ɗan Adam da ke Geneva ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul tana sauraro, sai dai bayan an gama da kotunan gida, kuma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Kotun manyan laifuka ta duniya da ke Hague kuwa, rikicin Darfur kaɗai Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa mata a 2005, hannunta bai kai Rusairis ba.

Nan gardama ta kaure. Matasa suka ce ai kotun Hague kura ce ba haƙora: an ba da sammacin Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, a 2009, ya je taro Afirka ta Kudu a 2015 ya dawo lafiya lau. Wani ya ƙara da cewa Amurka da Rasha da Sin, masu kujerar dindindin a kwamitin, su kansu ba mambobin kotun ba ne. Gaskiya suka faɗa. Inda na saɓa da su shi ne Ali Kushayb, wani jagoran mayaƙan Janjaweed a Darfur: sammaci a 2007, ya miƙa kansa a 2020, an same shi da laifi a Oktoban 2025, kuma shaidar mutanen ƙauyuka ce ta riƙe shari'ar, kan abin da aka yi musu tun 2003 da 2004.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023 muka ɗauki hoton shafukan, muka tura wa wani amintacce a Port Sudan. Littafin sunaye ba mu ɗauki hotonsa ba, saboda ana bincika waya a shingayen hanya.