Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Goyon da Ya Zama Laifi

A makon jiya na tsaya a inda na haƙura da burin zama lauya, na karɓi gurbin nazarin zamantakewar al'umma. To a aji biyu ne aka haɗa mu da darasin nazarin laifuka.

Ranar farko Malam ya shigo ko littafi bai riƙe ba, ya ce, "Mene ne laifi?" Ni da rawar kai na ɗaga hannu na ce duk abin da Allah ya hana. Ya ce, "Madalla. Gulma fa? Ɗan sanda ya taɓa kama ka a kanta?" Aji ya fashe da dariya, na koma na zauna jiki a sanyaye.

Sai ya warware mana. Zunubi daban, abin kunya daban, laifi a idon hukuma daban. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai a kan abin da rubutacciyar doka ta ambata, ta kuma faɗi hukuncinsa. Ya ce mu duba zina: kundin hukunta laifuka na Final Kod (Penal Code) da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya sa ta cikin laifuka, amma kundin da Kudu ke bi bai sa ta ba. Ƙasa ɗaya, ka wuce jihar Kwara ko Binuwai ka shiga Kudu hukunci ya sauya. Ya kawo zancen Durkheim, Bafaranshen da ya ce ba al'ummar da ta rasa laifi, ko da ta waliyyai ce, don za su ɗauki ƙaramin kuskure su mai da shi babba. Na rubuta, amma gaskiya don jarrabawa kawai.

A gida na fahimci darasin. Yayana ɗan acaɓa ne, da babur ɗinsa ake cefane, da shi ake biya min kuɗin rajista. A watan Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, cikin 'yan kwanaki gwamnatin Kano ta hana goyo a babur. Ban ga laifin gwamnati ba, wanda ya zauna a Kano a lokacin ya san yadda ake harbi a kan babur a tsere. Sai dai sana'ar da Yaya ya kwana yana yi da halal, da ita ya wayi gari mai karya doka. Mutumin bai canja ba, babur ɗin ma haka.

Da daddare na tarar da shi a soro yana goge babur ɗin da ba inda za shi. Ya ce, "Kai da kake karatun ɓarayi, yanzu in na ɗauki Inna zuwa asibiti, ni ma na shiga littafinku ke nan?"

Na ce, "Yaya, a takarda dai haka ne."

Bayan kwana huɗu ciwon Inna ya tashi da tsakar dare. Abin da ya faru a shingen binciken da ke hanya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.