Badujala a kusa ake jin ta

Duk wanda ya ce mini zai je kallon fareti a filin wasa na Pantami, shawarata gare shi ɗaya ce: kada ya ɓata lokacinsa wajen kokawar neman kujera a rumfa. Rumfa ta masu son ganin manyan baƙi ce. In badujala ka zo ji, zagaya ta ɓangaren da makaɗan suke tsayawa, ka matsa iya inda jami'an tsaro za su ƙyale ka, ka tsaya a nan cikin rana. Za ka yi gumi, ƙura za ta bule maka ƙafa, amma abin da zai shiga kunnenka ba shi ne wanda na cikin inuwa suke ji ba.

Ni malamin firamare ne a nan cikin garin Gombe, kuma raka yara maci kusan kullum a kaina yake faɗawa, ko ranar yara ta 27 ga Mayu, ko 1 ga Oktoba. Ita 1 ga Oktoba a wurinmu biki biyu ne a haɗe, ranar 'yancin kan Najeriya na 1960, da ranar da aka fitar da jiharmu daga tsohuwar Jihar Bauchi a 1996. Saboda muna isa fili da sassafe, tun ba a gama jera kujeru ba, na sha ganin abin da yawancin 'yan kallo ba sa riska, wato lokacin da 'yan badujalar 'yan sanda suke shirin farawa.

A lokacin babu wani daɗin ji. Kowa yana gefe yana hura nasa, wannan ya ja sauti sama, wancan ya sauke ƙasa, mai ƙaramar ganga yana ɗaure fata yana ɗan taɓa ta da sanda. Wani ya danna ɗan maɓalli a lanƙwasar ƙahonsa, ya hura, ruwa ya ɗiga a ƙasa. Yaranmu suka ce yawu ne, suka kawar da kai. Galibinsa ba yawu ba ne, tururin numfashi ne yake zama raɓa idan ya taɓa sanyin ƙarfe, in ba a zubar ba sai ƙahon ya riƙa gurgura. A saman kowane ƙaho akwai 'yar matsewa riƙe da kati wanda bai fi tafin hannu ba, a jikinsa aka rubuta kiɗan, gefunan sun yi baƙi saboda juyi. Tagullar kuwa ta sha goga har tana ɗaukar ido, sai dai in ka matso za ka ga lotsawa nan da can, da inda aka yi wa wani walda.

Daga nan sai mai sanda ya fito gaba. Doguwar sandar nan mai ƙulli a kai ba don ado kawai yake wasa da ita ba, da ita yake magana, domin idan kiɗa ya tashi babu wanda zai ji muryar kowa. Ya ɗaga ta, kowane ƙaho ya hau baki a tare. Ƙananan ganguna suka yi ruri, babbar ganga ta amsa, sai duka ƙahonin suka buɗe lokaci guda.

Wallahi wannan buɗewar ta farko har yau ba ta daina tayar mini da tsikar jiki ba. Kafin kunne ya tantance abin da ake busawa, ƙirji ya riga ya karɓa. Babbar ganga a ciki kake jin ta, wajen cibiya, shi kuma babban ƙahon nan da ake runguma, tuba, sautinsa ta ƙasa yake bi ya hau maka ƙafa. Na ɗauki wannan a waya, na kunna a gida, masu siririyar murya ne kaɗai suka fito, duk nauyin ya zube. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri irin wannan, shi ya sa wanda a bidiyo kawai ya san badujala yake ɗaukar ta hayaniya.

Mu da muka tashi muna bin hawan Sallah zuwa ƙofar fadar Sarkin Gombe, wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Mun san yadda kakaki yake tsaga iska, har doki ya ɗaga kunne. Hanyar busa ɗaya ce: mai busa ya matse leɓɓansa a bakin ƙarfen, ya tura iska har leɓɓan su riƙa karkarwa, wannan karkarwar ce bututun yake ƙara wa ƙarfi. Bambancin shi ne kakaki miƙaƙƙe ne, ba shi da maɓalli, don haka sautukansa 'yan kaɗan ne, kuma na sarauta ne, ba kowa ake busa wa ba. Na badujala an naɗe bututun ne don ya ɗauku. Turampet in aka warware shi ya kusa mita ɗaya da rabi, babbar tuba ta haura mita 5. Maɓallan nan guda uku da ke jikin turampet, kowanne in an danna shi iska takan bi ta wani ƙarin bututu, hanya ta ƙara tsawo, sauti ya sauka. Shi turombon ba ruwansa da maɓalli, hannu ne yake zarya da bututun gaba da baya, kuma shi yara suka fi zuba wa ido.

Wani sajen da ke ɗauke da tuba, dattijo mai furfura a gefen hula, na taɓa kai masa ruwan leda bayan an tashi. Leɓɓansa sun yi ja, bakin ƙarfen ya bar masa zobe a kai. Na ce, "Yallaɓai, sannu da aiki, wannan abu ba ya gajiyar da ƙirji?" Ya kurɓi ruwa ya ce, "Malam, ƙirji ya saba. Leɓe ne matsala. In ka yi sati biyu ba ka hura ba, sai ya manta da kai." Ya ce ni na fi jin masu turampet saboda su ne a sama, amma in shi da mai babbar ganga suka yi shiru, ƙafar kowa a filin sai ta rikice. Tun ranar nake sauraren na ƙasan da gangan, kuma gaskiyarsa ce. Su ba sa yin waƙar da za ka bi da baki, bugu ne kawai mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya, a kansa kowa yake taka ƙasa.

Akwai wani abu da aikin raka yara ya koya mini. Muna horar da su cewa bugun babbar ganga mai ƙarfi na ƙafar hagu ne, hagu, dama, hagu, dama, wajen taku 120 a minti in ana maci mai sauri. A makaranta sai su iya tsaf. A fili kuwa, da sun yi nisa da makaɗa sai ka ga sahu ya fara hargitsewa, mutane su ce yaran ba su koya ba. Alhali sauti ne bai iso su da wuri ba. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, wanda ke ƙarshen fili mai tsawon mita 100 yana jin bugun bayan kusan sulusin daƙiƙa, taku ɗaya kuma rabin daƙiƙa ne. Ga amsa-kuwwa daga bangon rumfa tana dawo da bugu na biyu. Yanzu nakan ce musu a can nesa su bi ƙafar na gabansu, in sun matso kusa da dandamali su koma bin ganga. Na cikin rumfa ma abin da yake samunsu ke nan, kiɗan yana isa gare su haɗe da amsa-kuwwarsa.

Tun da aka dawo da tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, na ga abin da ya taɓa ni. Badujala ta ɗauko shi a hankali, yaranmu suna laluben kalmomi, sai ga wasu dattawa a bayanmu, cikinsu har da mai sayar da rake, sun miƙe ƙyam suna rerawa ba tuntuɓe. A firamare suka haddace shi, shekaru sama da arba'in ba su rera ba, busa ɗaya ta dawo musu da shi.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne yadda ake danne su da lasifika. A wani taro da na halarta, makaɗa suna tsakiyar busa, mai gabatarwa ya ɗauki makirfo yana jero sunayen manyan baƙi da kirarinsu, muryarsa ta rufe komai. A wani wurin ma ba a gayyato su ba sam, taken aka kunna daga waya, ya yanke a tsakiya saboda kira ya shigo. Mutanen nan da numfashinsu suke aiki, a tsaye cikin rana, da kaki mai kauri da takalmi sau-ciki. Minti uku na shiru daga mai makirfo ba zai rage wa kowane babban mutum girma ba.

Kuma ina jin takaicin cewa yaranmu da yawa kallo kawai suke yi. Abokan aikina 'yan Billiri da Kaltungo sun ba ni labarin yadda suka fara hura begila tun suna ƙanana a ƙungiyar yara maza ta coci, wasu daga nan suka wuce badujalar soja ko ta 'yan sanda. Begila ba ta da maɓalli ko ɗaya, leɓe ne kaɗai yake fitar da sautukan nan nata wajen biyar, ita ce kuma ake busawa ita kaɗai ranar 15 ga Janairu don tunawa da mazan jiya. Wata yarinya 'yar aji biyar ta tsare ni a hanyar komawa ta ce, "Malam, mata ma suna hurawa?" Na ce suna hurawa mana, ai akwai mata a badujalar 'yan sanda. Ta ce to ita turombon take so.

Turombon ya fi ƙarfin aljihunmu a yanzu. Amma na kai maganar gaban taron iyaye da malamai, an amince a fara da begila biyu da ƙananan ganguna, kuma wani tsohon ɗan badujala da ya yi ritaya a unguwarmu ya ce zai riƙa zuwa ranar Asabar da safe yana koya musu. Sharaɗinsa ɗaya ne, a nemi izinin maƙwabta tukuna, don watannin farko ba za su ji daɗin abin da zai riƙa fitowa ba.