Tiyon radiyata da abin da ke bayansa

Daga watan Maris zuwa Mayu, aikin da ya fi zuwa garejinmu a nan Tahoua shi ne na mota mai zafi. Lokacin ne zafin rana ke haura digiri 40, motocin da suka taso daga Agadez da Abalak da waɗanda suka hawo daga Konni ɗauke da kaya sai su iso da tururi na fita ta ƙarƙashin kapo, wato murfin inji. Maganar direba kusan ɗaya ce: "Maigida, diriti ne ya fashe, a canja mini in kama hanya."

Diriti shi ne tiyon radiyata. Canjin kansa ba dogon aiki ba ne, yaron da ya shekara a wurina ya iya shi. Inda muke samun saɓani da direbobi shi ne ba na yarda mota ta fita sai na san dalilin fashewar.

Manyan tiyo biyu ne a jikin radiyata. Na sama yana kai ruwa mai zafi daga inji zuwa radiyata, na ƙasa yana maido da wanda ya huce zuwa famfon ruwa. Murfin radiyata kuwa ba don ƙura aka yi shi ba. Shi ke riƙe matsi a ciki don kada ruwa ya tafasa a digiri 100, kuma a kan na Toyota da yawa za ka ga an buga 0.9 ko 1.1, wato iyakar matsin da yake riƙewa. Idan murfin ya ƙi sakin matsin da ya wuce kima, tiyo ne ke ɗaukar wahalar. Haka idan bel ɗin fanka ya saki, ko fankar lantarki ta daina tashi. Mafi muni shi ne juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ta ƙone: iskar cikin inji ta dinga shiga hanyar ruwa, tiyo ya yi tauri tun mota ba ta yi zafi ba. Wannan ko ka saka sabo, kafin a kai Tabalak ya sake fashewa.

Saboda haka muna fara dubawa da hannu, inji a sanyaye. Tiyo mai lafiya idan ka matsa shi yana dawowa. Wanda ya tsufa za ka ji yana ƙaras-ƙaras a ciki, ko ka ga tsatstsage kusa da kolye, zoben ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyo. Wanda man inji ya daɗe yana ɗiga masa kuma ya kumbura ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, don wannan robar ba ta jituwa da mai. Idan na ga haka, sai mun nemo inda man ke yoyo.

Abu na farko da nake koya wa kowane sabon yaro: ba a buɗe murfin radiyata mota na da zafi, ko da Alhaji na tsaye a kanka yana duba agogo. Ruwan na iya feso maka a fuska. A jira, a sha shayi. In ta huce sai a tara ruwan a roba, kada a zubar a ƙasa, domin ruwan radiyata mai launin nan guba ne kuma yana da zaƙi, awakin unguwa ba sa ƙinsa. A kwance kolye, a ja shi baya, a murɗa tiyon hagu da dama har ya saki. Idan ya manne, a tsaga shi da wuƙa a hankali. Ban yarda a soka turnabis, wato sukudireba, a ɗaga shi ba, saboda wuyan radiyatar motocin yanzu na roba ne, zafi ya riga ya gasa shi, da an danna sai ya ɓalle, aikin 'yan jikkoki ya koma sayen radiyata. A goge wuyan tsaf, a tura sabon har ya wuce tudun da ke bakin, a ɗaure kolye a bayan tudun, ba a kansa ba. Ƙarfin ɗauri da yawa yanka roba yake yi.

Sai zuba ruwa da fitar da iska. Muna barin inji ya yi aiki, murfi a buɗe, har tarmosta, wato abin da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi, ta buɗe, abin da ke faruwa a wajen digiri 82 a galibin motocin da muke gani. Alamar ita ce tiyon sama ya yi zafi, ruwa ya sauka, a ƙara. A nan nake tsayawa in zuba wa bakin radiyata ido. Kumfa kaɗan da farko iska ce ke fita. Kumfar da ba ta ƙarewa, tana ƙaruwa in an taka totur, labarin kulas ne, kuma gara mai mota ya ji shi a gareji da ya ji shi a daji.

Tarmosta ɗin nan, mutane da yawa sun cire ta da sunan ƙasarmu akwai zafi. Ni ina maida ta. Inji yana da zafin da aka yi shi ya yi aiki a kai, in babu ita sanyin safiyar hunturu yana sa shi shan mai. Ruwan rijiya ma muna faɗa a kansa, don yana barin tsatsa da farin dutse da ke toshe radiyata. Na gaggawa ne a hanya, in an iso gari a canja.

Kaya kuwa daga Konni da Yamai muke samo su, akwai mai kyau akwai na banza, kuma a ido duk baƙi ne. Ina lanƙwasa tiyo in leƙa bakinsa in ga zaren da ke tsakiyar robar. Wanda ba shi da lanƙwasar motar ba na tilasta shi, yana karyewa a gwiwa ya tare ruwa. Tsohon tiyon da bai mutu sarai ba ina ba direba ya ajiye a mota da kolye biyu da jarkar ruwa, sun fi ɗaurin robar taya amfani tsakanin Abalak da Agadez. Kuma duk wanda muka canja wa, in ya dawo gari ya biyo mu ƙara ɗaure kolye, don sabuwar roba na zama bayan ta sha zafi. Wannan ba ma karɓar ko dala.